Malam Me-ka-gani da tiyon gonarmu

Makon da ya wuce aiki ya kai ni wata makarantar firamare a hanyar Bunkure. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba laifinta na zo faɗa ba, kuma abin da na gani a can ban jin akwai makarantar da babu shi a yankin nan. Na zauna a bayan aji biyu, a kan wani benci da aka tokare ƙafarsa da bulo, ina riƙe da takardar da ake ba mu mu cike idan mun je duba malamai. Malamar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta biyu ba, kuma ga dukkan alamu tana son aikinta. Yara sun cika ajin har bakin ƙofa, wasu a ƙasa. Ta rubuta a allo cewa shuka tana buƙatar ruwa da ƙasa da rana, ta karanta, suka bi ta har sau uku. Sannan ta juyo ta ce, "Kun gane?" Ajin ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun gane!" har kwanon rufi ya amsa. Ban da wata 'yar ƙarama a gindin taga, wadda ta motsa baki tare da su amma ba ta fitar da sauti ba. Idonta yana waje, inda wani mutum yake fama da injin ban-ruwa da ya ƙi tashi. Na so in tambaye ta abin da take kallo. Ban tambaya ba, domin takardar da ke hannuna ba ta da gurbin wannan. Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko da yake ban tabbata zai amfani kowa ba.

Lokacin da nake kamar yarinyar nan, ruwan kanal bai daɗe da zuwa ƙasarmu ba. Tsofaffi suna ta mamakin yadda za a ga kore shar a tsakiyar rani, alkama a nan, tumatir a can, albasa ta jera kamar an auna da igiya. Yanzu idan ka tsaya a bakin hanya a Kura, abin da kunnenka zai ji shi ne injinan casar shinkafa da ƙahon adaidaita sahu da babura, in ka shiga gona kuma injinan ban-ruwa suna ta tari. A wancan zamanin gona shiru take, har kana jin ruwa da kansa. Babban kanal yana da tasa muryar, mai kauri, ƙaramar magudanar da ke bi ta gefen gonaki kuma tana ƙulu-ƙulu kamar ana zuba nono a ƙwarya. Da sassafe za ka ji turmi daga gidaje, da kukan maruƙa da aka ɗaure don a tatsi iyayensu, da belbelu suna sauka a fangalin da aka jiƙa jiya. Aikina kafin makaranta shi ne in riƙe maraƙi har a gama tatsa, sannan in saɓa tiyo in kai gona. Tiyon nan wani bututun roba ne mai lanƙwasa, tsawonsa ya kai kamu uku ko huɗu. Ana nutsar da shi cikin magudana har ya cika, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a ja shi a ƙetare gaɓa, a saki a cikin fangali. Sai ka ga ruwa ya hau gaɓar ya sauka da kansa, ba inji, ba guga. Kowa ya iya ɗaura shi, amma ban taɓa jin wani ya ce me ya sa yake yi ba.

Mu Fulani ne da muka zauna tun kakanni, muna da 'yan shanu muna kuma noma. Ni ne ɗan fari, saboda haka Baffa, mahaifina ke nan, bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa zama hira da ni ba. In yana son abu sai ya ce, "Kai, ɗauko," yana kallon wani gefen. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin tamu, kuma ban ce al'adar ba ta da kyawunta ba. Abin da na sani kawai shi ne na taso a gidan da babu wanda yake tambayata wani abu sai kakata, ita kuma tambayarta tsokana ce. "Maigida, yau ma ba cefane?" haka take tarbata, in na yi shiru ta ce, "Wannan miji nawa, Allah ya yi masa baki don cin tuwo kawai." Takan ce wa maƙwabta kada su damu da ni, wai maganata tana can ciki tana dahuwa. A makaranta ba a yi mini wannan uzurin ba. Karatun namu na bi-ni-a-baki ne, malam ya faɗa mu maimaita, ni kuwa kafin in juya maganar a raina in ga inda ta dosa, aji ya wuce layi biyu. In an tsayar da ni ni kaɗai sai harshena ya yi nauyi. Malaminmu na aji ɗaya ya taɓa haɗuwa da Baffa a kasuwa ya ce masa, cikin ladabi, yaron ba ya ja. Baffa ya riƙe maganar.

A shekarar da na shiga aji biyu ne ƙanin Baffa, wanda yake kai shanunmu kiwo, ya sami aiki a wajen Kumbotso zai tashi. Tun da noman rani ya zo, ba a barin shanu kusa da gonaki, sai a kora su can bayan inda kanal ya ƙare, mai kiwo ya fita da hantsi ba zai dawo ba sai rana ta yi ja. Wanda ya ɗauki wannan aikin ya yi sallama da makaranta ke nan. Na ji Baffa yana gaya wa kakata, ina bayan danga, cewa in wata ya mutu ni zan karɓi shanun, tunda boko bai karɓe ni ba. Kakata ta ce, "A bar shi dai ya ƙarasa shekarar." Ya ce ba shi da wani. Ban yi kuka ba. Amma ina son makarantar, ko da yake ban iya faɗin abin da nake so a cikinta ba, kuma a lokacin ne aka kawo mana sabon malami.

Saurayi ne dogo, a kan keke yake zuwa daga wajen Garun Mallam, ƙafar wandonsa ɗaure da roba. Ranar farko ya shigo da albasa biyu, ɗaya lafiyayya ɗaya ta fara ruɓewa, ya ajiye a kan tebur ya ce, "Me kuka gani?" Muka yi tsit, muna jira ya faɗa mu maimaita. Bai faɗa ba. Ya jingina da bango ya harɗe hannu. Can wani abokinmu mai surutu, ɗan mai shayi, ya ce, "Malam, albasa!" Aka yi dariya. Malam ya ce, "Madalla. Sai kuma me?" Wata ta ce ɗayar tana wari. Ya ce, "A ganinki me ya same ta?" Ta ce an bar ta a ruwa. Ya ce, "Ta yaya kika sani?" Ta ce haka ta babanta ta yi da ya ba ta ruwa ana gab da cira. Kafin a tashi, yaran da ba su taɓa magana a aji ba suna gardama a kan albasa kamar dillalan kasuwa. Haka yake yi kullum. Ba wai ba ya koyar da baƙaƙe da lissafi ba, yana koyarwa, amma ko a lissafi in ka ba shi amsa sai ya ce ta wace hanya ka bi. In ka tambaye shi abu kuma yakan ce, "Ban tabbata ba, kai me ka gani?" Ba a yi wata guda ba gari ya sa masa suna Malam Me-ka-gani. A majalisa ana cewa gwamnati ta turo wanda bai san komai ba, yara yake tambaya su koya masa. Wani dattijo har ya ce in haka ne a riƙa raba albashin da yaran.

Bayan shekaru da yawa, a jami'a, na tarar abin da yake yi yana da suna a littattafan koyon malanta, tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a, wadda take buɗe wa yaro hanya ya faɗi yadda ya yi tunani. Har rubutun kammala digirina a kanta na yi. Ban sani ba ko shi ya karanta hakan a wani wuri, ko kuwa halinsa ne kawai. Abin da littattafan ba su koya mini ba shi ne jiran da ke bayan tambayar. Ni kaina da na riƙe aji, in na yi tambaya aka yi shiru sai in ga kamar na gaza, kafin a ja numfashi uku na amsa wa kaina. Saboda haka ba ni da bakin zargin malamar da na gani makon jiya. Mu a ajinmu malam yana iya kiran kowa da sunansa da na ubansa. Ita kuwa ko ta so ta jira yaro ɗaya, sauran za su tashi ajin da hayaniya, ga manhaja tana binta, ga irina a baya da takarda. Wataƙila ma ina ƙawata zamaninmu fiye da yadda yake, tsufa yakan sa haka. Amma shirun Malam Me-ka-gani ban ƙara masa komai ba. Yana iya jira har ka ji kunyar rashin magana ta fi kunyar magana.

Wata safiya ya fitar da mu bakin magudanar da ke bayan makaranta, inda wani manomi ya jera tiyo yana ban-ruwa. Ya sa muka tsuguna. Ya ce, "Kowa ya san ruwa gangara yake bi. To ga shi nan yana hawa gaɓa. Yaya aka yi?" Ɗan mai shayi ya ce aljanin kanal ne yake turo shi. Malam bai yi dariya ba, ya ce, "To in aljani ne, me ya sa sai an toshe bakin da hannu tukuna?" Yaron ya sosa ƙeya ya ce wataƙila sallama ce ake yi masa. Har manomin sai da ya dara. Wata ta ce ƙasa ce take jin ƙishirwa take tsotsa. Malam ya ce, "In muka ɗaga bakin sama, ƙasar za ta daina jin ƙishirwa ne?" Ya ɗaga bakin tiyon a hankali, ruwan ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Na zuba wa tiyon ido, domin na sha ganin haka a gonarmu. Ya dube ni, ina jin ya ga fuskata ta canza, ya ce, "Kai fa?" Na sunkuyar da kai. Ya jira, ya jira, sannan ya ce, "Ba komai. Tambayar ba ta ruɓewa, ka tafi da ita gida." Bai ba mu amsar ba ranar, kuma na ji haushinsa.

A gonarmu akwai fangali biyu na tumatir a kusurwar gabas da suka addabi Baffa. Duk sauran suna shan ruwa lafiya, su kuwa da an ɗaura musu tiyo sai ya yi ɗan gudu ya mutu. Baffa yakan fara ban-ruwa daga ɓangaren yamma, inda hanya take, sai bayan azahar yake isowa kansu. Ya canza tiyo har sau biyu, ya ce robar yanzu ba ta da kyau. Ganyen ya fara naɗewa, fure yana zuba. Kwana huɗu ina komawa wurin ni kaɗai bayan an tashi makaranta, da sunan yankan ciyawa. Na kafa kara a cikin magudana, ina kuma duba shi da safe in na kawo tiyo, na ga ruwan safe ya fi na yamma da kusan faɗin tafin hannu, saboda kafin yamma manoman da ke sama da mu sun buɗe nasu. Na kwanta rub da ciki a kan gaɓa na daidaita idona da fuskar ruwa, na ga fangalin nan biyu sun fi sauran tudu. Na kuma san dalili. A kusurwar nan Baffa yake ɗaure shanu duk bayan girbi don su taka wurin su ba shi taki, shekara da shekaru, har ƙasar ta tashi ba wanda ya lura. Na gane, amma wa zan gaya wa? Ɗan fari ba ya zuwa ya ce wa ubansa ga abin da ka yi.

Saura kwana biyu wata ya mutu, da la'asar, ina gona tare da Baffa yana ta fama da tiyon kusurwar, sai ga malam a kan kekensa ya biyo hanyar kanal. Baffa ya ɗaga masa hannu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da aiki da gajiya. Sannan Baffa ya ce, "Malam, dama ina son ganinka. Yaron nan daga jibi ba zai ƙara zuwa ba. Shanu ba mai bi."

Malam ya jingine keken ya ce, "Ayya, Baba. Ba yadda za a yi?"

"Da yana ɗaukar wani abu da na nemi yadda za a yi. An ce ba ya ja. Kuma kada ka ji haushi, Malam, an ce kai ma tambayarsu kake yi. Mu mun kai su ne a gaya musu."

"Gaskiya ne, Baba, ina tambayarsu," in ji malam, yana murmushi. Ya tsuguna kusa da tiyon da ya mutu. "Wannan fa, me ya same shi?"

"Robar banza ce. Na uku ke nan."

Malam ya juya tiyon, ya duba, ya busa, bai ga huda ba. Har yau ban sani ba ko ya gane matsalar a take ko bai gane ba. Ya dai juyo gare ni ya ce, "Kai kullum kana nan. Me ka gani?"

Baffa ya ce, "Ba ya magana, Malam. Haka Allah ya yi shi."

"Ba ma sauri, Baba."

Sai ya yi wani abu da ban fahimta ba sai da na girma. Ya tashi ya koma ya tsuguna ta yadda in na dube shi bayana ne zai fuskanci Baffa, ya kuma ɗauke idonsa daga kaina ya mai da kan ruwa. Ya jira. Ina jin magudana, ina jin numfashin Baffa a bayana. Na san in ban yi magana yanzu ba, shi ke nan. Na kuma san abin da zan faɗa ba maganar da yaro yake yi a gaban ubansa ba ce. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da muryar ta fito, kamar ba tawa ba.

"Ba tiyon ba ne," na ce. "Nan ya fi ruwan tudu."

"Ta yaya ka sani?"

Na nuna masa karan da na kafa, da zanen ruwan safe a jikinsa, da inda ruwan yake yanzu. Na ce in bakin tiyo bai yi ƙasa da fuskar ruwa ba, ba ya ja, kamar yadda ya yi ranar da ya ɗaga shi a bayan makaranta.

"To me ya sa nan ya fi sauran tudu?"

Na ce a hankali, "A nan shanu suke kwana."

Baffa ya yi gyaran murya. Ban juya ba. Malam bai ce madalla ba, bai ce daidai ne ba, sai ya ce, "Da gonarka ce, yaya za ka yi?" Na ce da safe zan fara da su, lokacin da ruwa yake cike, in bar na ɓangaren yamma su jira tunda su a gangare suke. Yau kuma, in an yarda, a ɗan haƙa rami a inda bakin tiyon yake sauka. Ba wanda ya ce an yarda. Sai na ji fartanya ta faɗo kusa da ƙafata, Baffa ne ya jefo ta. Na haƙa, na ja ɗan layi zuwa gindin tumatir, na nutsar da tiyo na toshe na ja na saki. Ruwan ya fito, siriri ne, amma bai tsaya ba. Muka tsaya mu uku muna kallonsa yana bin layin. Malam ya kakkaɓe hannu, ya ce magariba za ta same shi a hanya, ya yi wa Baffa sallama ya hau kekensa. Bai roƙi komai ba, bai ko sake ta da maganar makaranta ba. A raina na ce ya yashe ni.

Baffa bai yi mini magana ba a hanyar gida, bai yi ba washegari. Na dai ga da asuba ya nufi kusurwar gabas da tiyo a kafaɗa. Ranar da wata ya tsaya ƙanin nasa ya tafi. Da safe, bayan an gama tatsa, na ɗauki sanda da goran ruwa na je na tsaya a bakin garke, tunda ba a ce mini an fasa ba. Kakata tana bakin ɗakinta, ranar ko tsokanata ba ta yi ba. Baffa ya kwance shanun ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya zo ya miƙa hannu, ba tare da ya dube ni ba, ya karɓi sandar da goran. Ya ce wa kakata ya yi magana da maƙwabcinmu, za su haɗa garke su riƙa karɓa-karɓa, yini ɗaya shi yini ɗaya wancan, gona kuma a yi mata abin da ya samu. Na san abin da hakan yake nufi ga mutum mai shekarunsa, kuma shekara uku ya yi yana wannan wahalar kafin a sami wani. Ya kora shanun har ya kai bakin danga, sannan ya tsaya, yana kallon gabansa.

"Kai," ya ce. "Rana tana yi. In ka je ka gaida malamin naku. In ya sake tambayarka abu, kada ka sa shi jira irin na rannan. Mutum ne mai nisan gida."

Allah ya jiƙan Baffa. Malam kuwa an yi masa canjin wurin aiki kafin in gama firamare, ban sake jin labarinsa ba. In yana raye Allah ya ba shi lafiya, in ya riga mu Allah ya haskaka makwancinsa.